Mata da Aikin Tashar Jirgin Ruwa: Daga Zamanin Goro Zuwa Zamanin Kwantena



Kwamitin shirya bikin cikar shekarun ƙungiyarmu ya ɗora wa ofishin magatakarda nauyin rubuta wani abu na tarihi a wannan fitowa ta musamman. Labarin kafuwar ƙungiya da na shugabannin da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, yana wasu shafuka. Mu a nan teku muka nufa. Gaskiya ne yawancinmu mutanen tudu ne, wani ma ya tsufa yana safara tsakanin Kwatano da Maraɗi bai taɓa sa ƙafa cikin jirgin ruwa ba. Amma buhun shinkafa, da turmin atamfa, da taya, da jarkar man girki, da kwancen mota, kusan duk abin da muke lodi sai da ya yi makonni a kan ruwa kafin ya hau tirela. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan kusa. Shawara na gaban babban taro mai zuwa cewa a ware wani kaso na asusun ilimi domin 'ya'yanmu mata su koyi aikin tashar jirgin ruwa. An tattauna ta a rassa, kuma abin da aka fi ji daga bakin masu ja shi ne wai aikin ba gadonmu ba ne, balle ga mace. Tun da gado aka ambata, bari mu duba gadon.

Kakanninmu fataken Gwanja ba su san teku ba. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna ƙarƙashin madugu, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu ko ta Gurma har Salaga, a sayar da kanwa da tufafi da fatu, a ɗauro huhun goro a juyo gida. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa. Akwai mata a cikin ayarin nan, su ke girki in an sauka zango, kuma da damansu na tafe da 'yar hajarsu ta kansu. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, riƙon da Asante ke yi wa hanyoyin arewa ya sassauta, sannan yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar Salaga. Hausawan da ke can suka bazu zuwa Kete-Karachi da Kintampo da Kumasi, wasu har Ankara a bakin teku. Daga nan goro ya sami sabuwar hanya: a sauko da shi gaɓa, a sa shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, kuma da layin dogo ya isa Kano a 1911, tafiyar da jaki ke yi a watanni sai jirgin ruwa da jirgin ƙasa suka riƙa yin ta a ɗan lokaci. Wanda ya san halin goro, yadda yake son ganye da yayyafi da juyi, ya san abin da rage kwanakin hanya ke nufi ga riba.

Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, yana cikin na farkon da suka kama wannan hanya ta ruwa, kuma kowane ɗan kasuwa ya san inda ta kai shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. Bayan rasuwar mijinta ta koma Ankara da zama, can ɗan nata ya bi ta yana saurayi ya ga yadda ciniki ke gudana a bakin teku. Ashe ke nan a gidan da ya fi kowane gida suna a fataucin Hausa, mace ce ta fara isa gaɓa.

A gaɓar kuwa ta tarar da mata sun daɗe a kan kasuwa. Madam Tinubu ta riƙe ciniki a Ikko da Abekuta har ta rasu a 1887. Omu Okwei, wadda ta rasu a 1943, ta yi hulɗa da kamfanonin Turawa a Anaca a bakin Kwara har ta zama ɗaya daga cikin manyan attajiran wurin. A garuruwan masunta na Gana, irin su Elmina, al'ada ta hana mace fita su a teku, amma ita ke sayen kifin da zarar kwalekwale ya taɓa yashi, ita ke banda, ita ke kai shi kasuwa, kuma sau da yawa ita ke ba da bashin taru da man tafiya. Da injin kwalekwale ya shigo wajen ƙarshen shekarun 1950, kuɗin matan nan ya sayi da yawa daga cikinsu. A Lome kuma sai mu tuna da Nana Benz na babbar kasuwar Asigame, waɗanda suka riƙe atamfar Holan ta kamfanin Vlisco, suna zaɓen zane, su raɗa masa suna, su kama shi su kaɗai. Sun sami laƙabinsu daga motar Mercedes-Benz da suke hawa. Iyayenmu mata na Zangon Lome da na Kwatano a wajensu suka riƙa sari suna turawa arewa, har karyewar darajar sefa a Janairun 1994 da shigowar atamfar Sin suka rage musu ƙarfi.

Duk da haka, a wancan dogon zamani kuɗin mace ya hau jirgi, kayanta sun hau jirgi, ita ce ba ta hau ba. Dalilin bai ɓuya ba. Jiragen na kamfanonin Turai ne, irin su Elder Dempster na Libaful. Hafsoshin jirgi Turawa ne, ƙananan ma'aikata kuwa galibi mutanen Kuru ne na Laberiya da Saliyo. Aikin tasha na ƙarfin ƙirji ne. Kafin a buɗe Takoradi a 1928, da Tema a 1962, da Kwatano a 1965, da Lome a 1968, manyan jirage a nesa da gaɓa suke tsayawa a waɗannan wurare, a yi ta jigilar kaya da ƙananan jirage cikin igiyar ruwa, 'yan dako su ɗauka a ka buhu-buhu. Ofis kuma na akawu ne, akawu kuwa a lokacin namiji ne da ya yi makarantar boko. Abu biyu ke nan suka tsare ƙofa: ƙarfi da takarda. Mu riƙe wannan, domin sauran labarin duk a kan yadda abubuwan nan biyu suka sauya yake.

Jirginmu, makarantarmu

Da aka sami 'yancin kai, kowace ƙasa ta so ta ga tutarta a kan ruwa. Gana ta kafa Black Star Line a 1957, gwamnati na da kashi 60 cikin 100, kamfanin Zim na Isra'ila na da 40. Nijeriya ta kafa nata kamfanin jiragen a 1959. Daga baya Kwaddibuwa da Kamaru da Benin da Togo duk suka yi nasu. Wata yarjejeniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya da aka amince da ita a 1974, ta fara aiki a 1983, ta ƙara musu ƙarfi, domin ta raba dakon kaya kashi 40 ga jiragen ƙasar da ta sayar, 40 ga na ƙasar da ta saya, 20 ga sauran. A 1975 aka kafa ƙungiyar harkar teku ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma abin lura a nan, ƙasashen da ba su da gaɓa irin su Nijar da Cadi da Mali da Burkina Faso suna cikinta, saboda an san kayansu ta ruwa suke zuwa.

Jirgi yana buƙatar mai ja. Saboda haka Gana ta buɗe kwalejin koyon aikin jirgin ruwa a Nungua, tsakanin Ankara da Tema, a 1958. A 1983 ta zama makarantar haɗin gwiwa ta Gana da Kamaru da Gambiya da Laberiya da Saliyo, a 2007 kuma ta zama jami'a. Nijeriya ta yi tata a Oron. Ƙasashe masu Faransanci suka haɗu a kan makarantar Abijan da ake kira ARSTM, wadda ke da ɓangaren tuƙi da kuma ɓangaren aikin tasha da fiton kaya.

A Nungua ne aka fara karya wancan shinge a yankinmu. A shekarun 1970 kwalejin ta ɗauki 'yan mata ƙalilan tare da maza domin su koyi tuƙin jirgi, suka hau jiragen Black Star Line a matsayin ɗalibai. Ba wani rangwame da aka yi musu, tsanin da namiji ke hawa shi suka hau. Daga cikinsu Beatrice Vormawah ta kai matsayin kyaftin, ana ambatonta a matsayin macen Gana ta farko da aka damƙa wa jirgin dakon kaya, daga baya ta yi aiki da hukumar kula da harkar jiragen ruwa ta duniya, IMO, a Landan. Kyaftin Hannah Aggrey da Kyaftin Catherine Haizel suka koma makarantar da ta yaye su suna koyarwa, ma'ana akwai mazan da ke jan jirage a yau waɗanda hannun mace ya koya musu karatun taswira. A duniya ba su ne farau ba, domin tun a 1935 wata 'yar Rasha, Anna Shchetinina, ta zama kyaftin ɗin babban jirgin teku tana da shekara 27. Amma a wannan gaɓa tamu su ne suka nuna abin mai yiwuwa ne.

Ya kamata mu fahimci yadda tsanin nan yake, domin a nan ne matsalar yau take. Ƙa'idar duniya ta horon ma'aikatan jirgi, STCW, wadda aka yi a 1978 aka yi mata manyan gyare-gyare a 1995 da 2010, ba ta yarda karatun aji kaɗai ya mai da mutum hafsan jirgi ba. Bayan karatu da gwajin lafiya da na gani, har da iya bambance launi, sai ɗalibi ya yi aƙalla wata 12 a kan jirgi a cikin shirin horo da aka amince da shi, ana sa masa hannu a littafi a kan kowane aiki da ya iya, kafin ya zauna jarrabawar shaidar farko. Daga nan kowane mataki sai an ƙara wasu watannin a ruwa da wata jarrabawar, har a kai ga mataimakin kyaftin, sannan kyaftin. Daidai yake da yaron mota a wurinmu: ko ya haddace komai a tasha, ba mai ba shi makullin tirela sai ya bi ubangidansa hanya shekara da shekaru.

To, ina ɗalibi zai sami jirgin da zai yi watannin nan? A zamanin su Vormawah amsar na da sauƙi, jirgin ƙasarsu ne. Amma kamfanonin ƙasa ba su ɗore ba. Bashi, da rashin kyakkyawan riƙo, da tsufan jirage, da matsin lambar sakin kasuwa suka taru a kansu. An rushe na Nijeriya a 1995, Black Star Line ma ta bi baya a cikin shekarun 1990, sauran duk suka watse ɗaya bayan ɗaya. Makarantu suka ci gaba da yaye ɗalibai, amma matakalar farko ta tsanin ta karye. Saurayi da budurwa duk sun sha wannan wuya, sai dai budurwar ta fi sha, domin kamfanin waje da ke da gurbi ɗaya ko biyu na ɗalibai yakan fake da cewa jirginsa ba shi da ɗakin kwana da makewayi na mata daban. A ganinmu wannan shi ne babban abin da tarihin nan ke nunawa: ba ƙwaƙwalwa matan yankinmu suka rasa ba, wurin gwada hannu suka rasa.

Hukumomin duniya sun yi nasu ƙoƙari. IMO ta fara shirinta na shigar da mata harkar teku a 1988, tana ba da guraben karatu a jami'arta ta Malmo a Suwidin, wadda aka buɗe a 1983, da gajerun kwasa-kwasai na shugabancin tasha a Le Havre ta Faransa. A 2007 aka ƙaddamar da ƙungiyar mata ma'aikatan tashoshin ruwa na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a Benin. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan jirgi ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta ware wa mata wurin kwana da na wanka. An kuma tsayar da 18 ga Mayu ta zama ranar mata a harkar teku, aka fara bikinta a 2022. A manyan kujeru ma an ga sauyi: Mfon Usoro ta shugabanci hukumar NIMASA ta Nijeriya, Hadiza Bala Usman kuma ta riƙe hukumar tashoshin jiragen ruwan ƙasar daga 2016 zuwa 2021, mace ta farko a wannan kujera. Sai dai biki daban, lissafi daban. Ƙididdigar da manyan ƙungiyoyin masu jirage suka fitar a 2021 ta nuna ma'aikatan jirgi a duniya sun kai kimanin miliyan 1.89, mata a cikinsu dubu 24 ne da 'yan kai, wato ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Saboda haka duk wanda ya ce wa babban taro 'ya'yanmu za su cika jirage nan da shekara biyar, bai faɗi gaskiya ba.

Abin da kwantena ta sauya

Amma harkar jiragen ruwa ba a kan ruwa kaɗai take ba, kuma ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye a tudu yake. A 1956 wani mai motocin dako a Amurka, Malcom McLean, ya fara ɗora akwatunan ƙarfe cike da kaya a kan jirgi ba tare da an kwance su ba. Daga nan kwantena ta mamaye duniya, mai ƙafa 20 da mai ƙafa 40, har ta iso gaɓarmu. Wanda ya ga sabon wurin sauke kwantena na Lome da ya fara aiki a 2014, ko na Tema da aka buɗe a 2019, ko Kiribi, ko Lekki, ya san aikin da ɗaruruwan 'yan dako ke yi a da yanzu mutum ɗaya ke yin sa a zaune a saman ƙugiya, da hannu biyu da ido da natsuwa. Ƙarfin ƙirji ya daina zama sharaɗi. Shinge na farko ke nan ya faɗi.

Shinge na biyu, wato takarda, bai faɗi ba, girma ma ya ƙara, sai dai ya koma cikin kwamfuta. Tsarin kwastan na SYDONIA, wanda aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980 bisa buƙatar ƙungiyar ECOWAS, shi ke aiki a duwan ɗin Nijar da Togo da Burkina. Gana ta koma nata tsarin ICUMS a 2020. Takardar wucewar kaya tsakanin ƙasashe, wadda asalinta yarjejeniyar Kwatano ce ta 1982, ita ma an fara mayar da ita ta na'ura da tsarin SIGMAT tun 2019. Yau kaya ba ya motsi sai an shigar da shi daidai: sunan mai kaya a takardar lodin jirgi ya dace da na sauran takardu harafi da harafi, lambar kaya ta kwastan ta zama ta gaskiya, nauyi da ƙima su yi daidai da abin da jirgi ya bayyana.

Kowa a cikinmu ya san abin da ke biyo baya in aka kuskure. Kamfanin jirgi na ba da 'yan kwanaki kyauta, suna ƙarewa sai kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum a kan kowace kwantena. Tasha ma na lissafin nata kuɗin ajiya daban. Mai kai kaya tudu ya ajiye kuɗin jingina a kan kwantenar, in bai dawo da ita fanko a kan lokaci ba a zaftare. Daga Kwatano zuwa Yamai tafiyar sama da kilomita 1,000 ce, ta Lome ta fi haka. Harafi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba a wani ofis a Sin ko Dubai na iya cinye ribar tafiya ɗungurungum kafin mota ta kunna. Kuma mun ga yadda hanya ke juyawa dare ɗaya. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan Yulin 2023 gadar Malanbil da Gaya ta rufu, kayan Nijar suka koma bi ta Lome da Burkina, da sabbin takardu da sabbin ƙa'idoji da rakiya. A irin wannan lokaci, wanda ke da ɗan gida a cikin ofis mai karanta ƙa'ida ya gane ta, shi ke fita da sauƙi. Saura sai su dogara ga ɗan tsakani na ɗan tsakani, kowanne da nasa la'ada, in kaya ya maƙale kuma a rasa wanda za a kama.

Ku shiga ofisoshin ejan-ejan masu fito da kaya, waɗanda a ɓangaren Faransanci ake kira taransita, a Tema ko Lome ko Kwatano ko Duwala. Ku duba tagogin kamfanonin jirage da na kwastan da na inshora. Za ku ga mata da yawa a gaban kwamfuta, wasu ma su ke da ofishin. Sannan ku tambayi kanku nawa ne daga cikinsu 'ya'yan zango, ko 'ya'yan Maraɗi da Ƙonni da Gaya da Katsina. Ga shi kuwa 'ya'yanmu na da abin da kuɗi ba ya saye. Yarinyar da ta tashi a Zangon Lome na jin Hausa da Faransanci da Ewe. Ta Kumasi ko Nima na jin Hausa da Ingilishi da Tuwi. Ta Gaya na jin Hausa da Zabarmanci da Dandanci da Faransanci. Tun tana ƙarama take riƙe wa uwarta lissafin adashi da na bashin kasuwa. Abin da ya rage mata shi ne shaidar karatu da wurin koyon hannu. Hajiyoyinmu da ke zuwa Guwanzu da Dubai su cika kwantena da kuɗinsu, in kayan sun iso sai su miƙa takardun ga wanda ba su sani ba su koma gefe suna jira. Wannan ai shi ne halin da muka baro a zamanin Elder Dempster, kaya na mace, takarda ta wani.

Ba mu raina damuwar iyaye ba. Uban da ya ce ba zai bar 'yarsa ta yi wata tara a teku ita kaɗai cikin maza ba, yana da hujja, kuma su kansu masu harkar sun yarda cin zarafi a cikin jirgi matsala ce, shi ya sa aka ƙara batunsa a dokar ƙwadagon jirage a gyaran 2016. Yarinyar da ke da lissafi da kimiyya da zuciyar tuƙi, iyayenta kuma sun amince, bai kamata ƙungiya ta ce mata a'a ba, tun da an riga an yi a Nungua. Amma shawarar da ke gabanmu ba ta tilasta wa kowa teku. Mafi yawan aikin na ofis ne, a tafi da safe a dawo da yamma: shigar da bayanan kwastan, fiton kaya, wakilcin jirgi, lissafin sito, inshora, duba lafiyar kaya. Aure bai hana shi, shigar mutunci ba ta hana shi. Ba ma dole sai a gaɓa ba, domin tashar tudu ta Kaduna ta fara aiki a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ga ofisoshin kwastan na kowace iyaka da muke kwana a bakinsu. Game da maganar cewa ai za ta yi aure ta tafi da ilimin gidan wani, muna tuna wa masu faɗin haka cewa gidan wanin nan galibi gidan memba ne, kuma kayan da za ta fitar ba su san gidan da ta kwana ba.

Inda muke da tsoro shi ne kada mu maimaita abin da ya sami makarantun jirgi bayan rushewar kamfanoni, wato mu biya kuɗin karatu, yarinya ta dawo da takarda, ta rasa inda za ta zauna ta koyi hannu. Aikin fiton kaya ma yana da nasa watannin ruwa, sai an zauna kusa da wanda ya iya an ga yadda ake warware takarda in ta cije. A nan ƙungiya na da ƙarfin da ba ta taɓa amfani da shi ba. Mu ne masu kayan. Ofishin da ke fito mana da kwantena duk wata ba zai ƙi karɓar ɗalibarmu ta yi wata shida a wurinsa ba, in shugabannin reshe suka nema da sunan ƙungiya suka sa shi cikin sharaɗin hulɗa.

Abubuwan da babban taro zai yanke a kansu su ne kason da za a ware daga asusun ilimi, da ko kyauta ne ko rance da za a biya bayan an fara aiki, da makarantun da za a amince da su a ɓangaren Ingilishi da na Faransanci, da gidajen membobi da za su riƙe ɗalibai a Tema da Abijan da Lome da Kwatano domin hankalin iyaye ya kwanta. Ofishin magatakarda na roƙon sakatarorin rassa su tattaro sunayen 'yan matan da suka gama sakandare, masu WAEC da masu BAC, tare da sakamakonsu da amincewar iyaye ko miji a rubuce, su kuma kawo sunayen ofisoshin fiton kaya da reshensu ya fi hulɗa da su, kafin ranar taron. Reshen mata ya nemi a ba shi kujeru a kwamitin tantancewa, kuma an sa wannan buƙata a ajanda.

Allah Ya maimaita mana, Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nema. Wassalam.